Korar Maliki Daga Garka

Zakariya'u ɗan Tibiri ne, kuma ɗan kokowa. Shekara tara yana shiga fili, har makaɗa suka san sunansa, kafin kafaɗarsa ta goce a wata karawa da aka yi bayan girbi. Wani abokinsa ya miƙa masa tramol guda biyu, ya ce zogin zai kwanta. Zogi kam ya kwanta, amma shi bai sake miƙewa daidai ba sai bayan shekara shida. A cikin shekarun nan ya bar kokowa, ya dawo Maraɗi yana dako a bakin kasuwa, matarsa ta gaji ta koma gidan iyayenta, danginsa suka daina sa shi cikin shawara.

Wadda ta janyo shi daga wannan ramin wata ma'aikaciyar jinya ce mai suna Tahira, a wani ƙaramin asibiti na unguwar Zariya, a nan cikin Maraɗi. An kai mata shi ne yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Da ya farfaɗo ba ta yi masa wa'azi ba. Sai ta haɗa shi da wasu mutum biyu masu irin ciwonsa, ta ce su riƙa zama tare ko da hira ce kawai za su yi. Daga mutum uku, cikin shekara biyu suka zama goma sha huɗu. Kowace safiya bayan sallar asuba sukan taka a ƙasa daga Sabon Gari, su bi hanyar Tibiri har su yi zufa, su juyo. Ranar Laraba da la'asar su zauna a wata rumfa, a dafa shayi, kowa ya faɗi yadda satinsa ya kasance, ko da daɗi ko ba daɗi. Ranar Asabar kuma su tafi Jiratawa, inda wani dattijo ya ba su aron garka suna noma zogale da tattasai. Mutanen unguwa sun sa musu suna 'yan garka. Babu wanda ya zaɓi Zakariya'u, amma kowa Shugaba yake ce masa.

Dokokinsa biyu ne, kuma ba da wasa ya kafa su ba. A shekarar farko wani ya zo garka a buge, aka ƙyale shi don tausayi, ashe ya zo da guzuri. Ya raba wa mutum biyu a bayan shinge. Ɗaya daga cikinsu, Nabil, wanda ya yi wata biyar bai taɓa komai ba, ya hau babur a wannan satin ya shige ƙarƙashin babbar mota. Zakariya'u na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Daga maƙabarta ya dawo ya ce duk wanda ya zo a buge, a take zai bar wurin, sai bayan sati guda ya dawo da hankalinsa. Doka ta biyu ita ce wadda ya fi nanatawa: ƙwaya ƙwaya ce. Shi kansa ko na ciwon kai ba ya sha. Tahira ta taɓa ja da shi a kan wannan, amma aka yi mata canjin aiki zuwa babban asibiti, zuwanta rumfa ya yi wuya, maganar ta bi ruwa.

Maliki tela ne a Sabon Gari, ya ba shekara arba'in da biyar baya, ya girmi kowa a cikinsu. Ɗinkin sallah ne ya koya masa tramol, don ya kori barci ya cika alkawarin mutane, daga nan abin ya zame masa abinci. Mutum ne mai barkwanci, shi ke dafa shayin Laraba, kuma ba ya bari kowa ya taɓa masa buta. Sau biyu ya koma ruwa bayan ya shigo cikinsu. A na biyun har rantsuwa ya yi wa Zakariya'u cewa bai sha ba, sai ga katin ƙwayar ya faɗo daga cikin hularsa a gaban kowa. Tun daga ranar ya kama kansa. Yana lissafa watanninsa da bakinsa, duk wanda ya zo shagonsa sai ya ji.

Wata Laraba, yana zuba shayi, ya tambaya kamar da wasa.

"Shugaba, wai har maganin da lokotoron asibiti ya rubuta da hannunshi, shi ma ƙwaya ne?"

Zakariya'u ya ce, "Tela, ni ma da sunan magani na fara. Kai ma haka. Shaiɗan ba ya zuwa da sunanshi na gaskiya."

Aka yi dariya. Maliki ya gyaɗa kai ya ci gaba da rabon shayi. Babu wanda ya tambaye shi wane magani yake nufi.

Wata biyu bayan haka, a tsakiyar bazara, suka tafi garka kamar kullum. Sha'ibu, ɗan kabu-kabu da ke cikinsu, shi ya goyo Maliki a babur. A hanya Maliki ya ce masa kansa na sara tun daren jiya, Sha'ibu ya ce zafi ne. Aka raba aiki: wasu suka kama buɗe wa ruwa hanya daga kanal, wasu suka shiga tsinkar zogale, don mata masu saye sukan zo kafin azahar.

Wajen ƙarfe takwas kwandon Maliki ya faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sake suɓucewa. Ya tsaya yana duban hannunsa na dama kamar na wani ne aka manna masa.

"Tela, lahiya?" in ji Sha'ibu.

Maliki ya buɗe baki, maganar ta fito a dunƙule kamar ta mai tuwo cike da baki. Ya taka zai matso, ƙafarsa ta ja ƙasa, ya yi tangal-tangal ya dafe wata bishiyar zogale, ta lanƙwashe da shi. Wani daga cikin matasan ya yi ƙaramar dariya.

Zakariya'u ya ajiye hauya ya taho. Ya daɗe yana alfahari cewa kallo ɗaya yake yi wa mutum ya san abin da ke cikin jininsa.

"Maliki, dube ni. Mi ka sha?"

Maliki ya girgiza kai, ya yi ta ƙoƙarin faɗin wani abu, miyau na zuba ta gefen bakinsa. Zakariya'u ya sa hannu a aljihun rigarsa, sai ga katin magani, ƙwayoyi farare ƙanana. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, bai iya karanta abin da aka rubuta a bayan katin ba, bai kuma miƙa wa waɗanda suka iya ba. Ya lura cewa ko guda ba a ɓalla ba, amma ya ce a ransa ai wani katin ya shanye, wannan na rabo ne. Fuskar Nabil ta faɗo masa. Ya ɗaga katin sama kowa ya gani, sannan ya wurga shi cikin kanal.

"Wata goma sha ɗaya kana cika mana baki! Kai ne babba, kai ne za ka shigo wa yara da guzuri? Hita!"

Maliki ya kama masa riga da hannun hagu. Zakariya'u ya ɓamɓare hannun, ya riƙe shi ta damtsen dama, ya ja shi zuwa ƙofar shinge. Ya ji damtsen ya yi nauyi, ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma, bai tsaya tunani a kai ba. Ya zaunar da shi a gindin wata bishiyar bedi a bakin hanya.

Sha'ibu ya biyo su. "Shugaba, bari in aje shi gida in dawo."

"Ba inda za ka. Ƙafar da ta kai shi wurin mai teburin ƙwaya ita za ta maida shi gida. In ƙwayar ta sake shi ya tashi."

Sha'ibu ya tsaya jim yana kallon bakin Maliki, sannan ya sunkuyar da kai ya koma ciki.

Aiki ya ci gaba, ba hira. Sau ɗaya Zakariya'u ya leƙa ta saman shinge, ya hango Maliki jingine da bishiya, ya ce a ransa barci ya ɗauke shi, in ya farka kunya za ta ishe shi. Har ya shirya abin da zai faɗa masa bayan sati guda, mai zafi da farko, mai sanyi a ƙarshe.

Rana ta take tsaka lokacin da wata mata mai sayen zogale ta tsaya a ƙofar shinge da buhunta a ka.

"Masu garka! Mutuminku ne kwance can bakin hanya? Ku zo ku gani, bawan Allah nan ba barci yake ba."

Inuwar bedin ta daɗe da gushewa. Maliki na kwance a rana, gefen fuskarsa cikin rairayi, wandonsa a jiƙe, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Idonsa biyu. Da Zakariya'u ya ɗago shi, ɓarin jikinsa na dama gaba ɗaya ya zube. Zakariya'u ya san buguwa iri-iri, ya yi ta da jikinsa, amma bai taɓa ganin wadda ke raba mutum gida biyu ba.

Wata motar kayan miya mai shiga Maraɗi ta ɗauke su. Zakariya'u ya rungume kan Maliki a cinyarsa a kan buhunan tattasai, yana ɗiga masa ruwa, yana kiran sunansa. Maliki bai dube shi ba ko sau ɗaya.

A babban asibiti suka tarar da Tahira tana bakin aiki. Bayan an shiga da shi ciki ta fito ta same su a baranda.

"Tun ƙarfe nawa abin ya fara?"

Sha'ibu ya ce, "Wajen takwas."

Ta dubi agogon hannunta. Biyu saura. "Mi kuke yi tun takwas?"

Zakariya'u ya ce, "Na ɗauka ƙwaya ce. Ni na kore shi."

Tahira ta ce, "Tansiyo ce ta hau, wato hawan jini, ta taɓa mishi ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki ke nan. Ban ce da kun kawo shi da wuri da ya tashi garau ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Amma rana da ƙishirwa na awa biyar ba su taimake shi ba."

Suna nan tsaye matar Maliki, Balkisu, ta iso da sauri, takalminta ɗaya ya tsinke tana jan sa. Ta gaishe su a gurguje, ta juya ga Tahira.

"Madam, maganin tansiyon da na sa mishi a aljihu da safe, ya sha kuwa? Da ciwon kai ya tashi, na yi ta roƙonshi."

"Dama yana da magani?"

"Wata biyu ke nan lokotoro ya rubuta mishi. Sati guda ya sha ya daina. Ya dawo daga zamansu na Laraba ya ce Shugaba ya ce ƙwaya ƙwaya ce, shi kuwa ba zai ɓata watanninshi ba. Na yi magana har na gaji."

Ta juyo tana neman wanda zai gaya mata inda maganin yake. Zakariya'u ya zauna a ƙasa a nan barandar.

"Yana cikin kanal," ya ce. "Ni na jefa shi."

Sha'ibu ne ya gaya mata sauran, don Zakariya'u ya kasa. Balkisu ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam Zakari, mijina ya fi jin maganarka a kan tawa, ya fi jin ta a kan ta lokotoro. Ashe ko inuwa ba za ka iya ba shi ba." Ta shige ciki.

Washegari Zakariya'u bai fito tattakin asuba ba. Ya ɗauki 'yan kayansa ya tafi Tibiri gidan yayarsa Saudatu. Ta ba shi ɗakin zaure, ba ta tambaye shi komai ba, sai dai ta riƙa lura da idanunsa duk lokacin da ya fita ya dawo, don ta san shekarun baya. Bai koma wa ƙwaya ba. Amma akwai ranar da ya wuce ta gaban teburin wani mai sayar da magunguna a bakin tasha sau uku, yana tafiya yana dawowa, har mai teburin ya fara yi masa murmushi. Ya koma gida da sassarfa, ya ɗauki gatari ya faskara wa Saudatu itacen da zai yi mata wata guda.

Kwana goma sha shida ya yi. A na sha bakwai Sha'ibu ya zo da hantsi, ya kafe babur a ƙofar gida, suka zauna a kan dakali.

"An sallamo shi," in ji Sha'ibu. "Ba ya tahiya, ba ya magana. Mutum biyu sun koma ruwa, sun ce in har irin Tela za a yi wa haka, mi ya rage. Wasu uku sun daina zuwa. Zogale na bushewa."

"Ba ni da bakin yi wa kowa magana, Sha'ibu."

"Ba magana na zo nema ba." Ya juya makullin babur a hannunsa. "Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ranar nan na ga bakinshi ya karkace. Babana haka ya yi kafin ya rasu, da idona na gani. Na gane, Shugaba. Tun a bakin shinge na gane."

Zakariya'u ya juyo. "Mi ya hana ka faɗi?"

"Tsoronka. Na ce in na yi gardama za ka ce ni ma na sha."

Wannan ta fi maganar Balkisu shigarsa. Ya kasance yana ganin mutanen nan suna bin sa ne don sun yarda da shi. Ya tuna sau nawa ya yi magana a rumfa aka yi tsit, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Sha'ibu ya ce, "Lokotoro ya ce a riƙa motsa mishi hannu da ƙafa safe da yamma, a tada shi zaune, daga baya a tada shi tsaye. Matarshi ba ta iya ɗaga shi, 'ya'yanshi duk mata ne. Ni ina kan babur yini guda. Kai ke da ƙarfi, kuma ka san tausa tun zamanin kokowa."

"Ba za su bar ni in shiga ba."

"Wataƙila. Hau mu je mu gani."

Balkisu ta tsaya a bakin ƙofar zaure ta saurare su har suka gama. Ta rame. Ta ce, "In don ni ce, ba za ka taka gidan nan ba. Amma bayana ya gaji, shi kuma kwanciya ta fara cin fatarshi. Shiga."

An shimfiɗa wa Maliki katifa a ƙasa. Yana ganin wanda ya shigo ya juya fuskarsa bango. Zakariya'u ya yi sallama, ba amsa. Ya durƙusa ya kama hannun daman, wannan damtsen da ya ja zuwa bakin shinge, ya fara lanƙwasawa yana miƙewa kamar yadda aka kwatanta wa Balkisu a asibiti, ita kuma ta kwatanta masa daga bakin ƙofa.

Haka suka yi ta yi. Da sassafe ya zo ya ɗaga shi, ya kai shi bayi, ya yi masa wanka, ya shafa masa man kaɗe, ya motsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Ya tafi dako. Da la'asar ya dawo a sake. Shi ke ɓallo maganin tansiyo daga kati ya sa masa a baki ya ba shi ruwa. Maliki yana karɓar komai, amma idonsa na bango ko na rufin ɗaki. In Sha'ibu ya zo sai ya yi ƙoƙarin murmushi da rabin bakinsa. In Zakariya'u ne, sai ka ce iska ce ta shigo.

Ana cikin sati na bakwai, an fara yayyafin farko, Zakariya'u ya tada shi tsaye ya jingina shi a ƙirjinsa don ƙafar ta koyi ɗaukar nauyi. Sai ya ji Maliki na fisgo numfashi, yana kokawa da harshensa. Ya ɗauka ciwo ne, zai zaunar da shi, Maliki ya damƙe masa riga da hannun hagu. A karon farko ya dube shi ido cikin ido.

"Ban... sha... ba."

Ita ce magana ta farko da ta fito daga bakinsa sarai tun ranar garka.

"Na sani, Tela. Wallahi na sani. Ni na zalunce ka. Ka yafe mani."

Maliki ya saki rigar, ya nuna katifa da haɓa, a zaunar da shi.

A Larabar da ta biyo Zakariya'u ya je rumfa. Mutum bakwai ya tarar, shayin ma wani ne ya dafa, ya yi ɗaci. Da layi ya zo kansa ya faɗi abin da ya yi daga farko har ƙarshe, bai rage ba, har maganar da ya yi wa Maliki a kan maganin lokotoro. Ya ce daga yau kada wanda ya sake ce masa Shugaba. Suka yi ta jayayya, daga ƙarshe aka ɗora Sha'ibu, shi ma ba da son ransa ba. Abu na farko da Sha'ibu ya yi shi ne zuwa wurin Tahira. Ta yarda za ta riƙa zuwa sau ɗaya a wata da abin awon tansiyo. Zuwanta na farko ta sami mutum biyu da tasu ta hau ba su sani ba. Aka kuma yi shawara cewa duk wanda aka ga yana tangaɗi, ko me ake zato, mutum ɗaya zai bar aikinsa ya raka shi asibiti. Daga cikin waɗanda suka watse, uku sun dawo kafin kaka. Biyun da suka koma ruwa ba su dawo ba. Zakariya'u yakan ga ɗayansu a bakin kasuwa, idanu jajur, in sun haɗa ido sai ya kauce.

Zuwa ƙarshen damina Maliki ya fara takawa da sanda, yana jan ƙafa. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, gajeru, da wahala. Hannun dama bai dawo ba. Aka rufe shagon Sabon Gari, aka kawo keken ɗinkin gida aka lulluɓe shi da tsohon zane a kusurwar ɗaki. Balkisu ta fara dafa kwaɗon zogale tana sayarwa a ƙofar gida, 'yan garka ke kawo mata ganyen duk Asabar. Tsakaninta da Zakariya'u gaisuwa ce kawai. Wata rana ya sake roƙon Maliki gafara, suna dawowa daga masallacin Juma'a a hankali. Maliki ya tsaya ya huta, ya ce, "Allah... ya yafe mana... duka." Zakariya'u ya ce amin. Ya san ba ita ce amsar da ya roƙa ba, bai kuma sake tambaya ba.

Da sanyi ya shigo aka sa ranar auren Raihanatu, babbar 'yar Maliki, wadda ta gama karatun koyarwa a shekarar. Tun tana cikin zanen goyo ubanta ke yi mata ɗinki, ba ta taɓa sa suturar da wani tela ya taɓa ba. Aka sayo shadda da atamfofi, aka ajiye su a gaban Maliki. Ya shafa su da hannun hagu, ya daɗe, sannan ya faɗi sunan wani tela a unguwar Zariya wanda shi ya koya wa aiki shekarun baya. Zakariya'u ya ɗauki kayan ya kai.

Bayan kwana biyar ya karɓo. Maliki ya sa aka shimfiɗa masa rigar shaddar a gwiwa. Ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga ƙasa har kafaɗa, ya kai ta kusa da idonsa.

"Wuyan... ya karkace."

Raihanatu ta durƙusa kusa da shi ta duba. "Baba, ai ba mai lura. Wallahi ta yi kyau."

Maliki ya dubi kusurwar da keken yake, ya dubi hannunsa da ke kwance a cinya, yatsun a dunƙule. Ya ce, "Aikin... minti goma ne." Sai ya kau da kai, ƙwalla ta gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi, bai ma ji ta ba balle ya share.

Zakariya'u ya ɗauke rigar daga gwiwarsa ya ninke ta a hankali.

"Zan maida mishi ya gyara, Tela. In bai yi daidai ba in sake maidawa."

Balkisu na bakin murhu, ba ta ɗago ba. Ya sa rigar cikin leda ya fita, ya kama hanyar unguwar Zariya a ƙasa. Telan yana ganinsa ya ɓata fuska, ya ce yana da aikin mutane a gabansa, sai dai gobe. Zakariya'u ya ce ba komai, zai jira. Ya ja benci ya zauna a bakin shagon da ledar a cinyarsa.